Maƙwabtan Furostet: Abin da Gashin Daji Ke Jawo wa Fitsari, Hanji da Shimfiɗa

Sunan da muka raɗa wa maganin ciwon dajin furostet da ake yi da hasken na'ura, wato gashi, shi ne ke fara tsorata mutane. Likita ya dubi dattijo ya ce, "Baba, za a yi muku gashi," sai zuciyar dattijon ta tafi wajen garwashi da tukubar mai tsire. Ranar farko kuwa a kwantar da shi a kan wani siririn gado, na'ura ta kewaya ƙugunsa a hankali, bayan minti goma ko sha biyar a ce ya tashi, an gama. Bai ji zafi ba, bai ga wuta ba, bai ji ƙauri ba. Ya koma masauki yana cewa ashe abin ba shi da wuya. Makon farko haka, na biyu ma kusan haka. A na uku ne labari ke soma sauyawa: tashi fitsari sau huɗu ko biyar kafin asuba, raɗaɗi a gaba, ciki yana ƙugi, ga wata kasala da ba ta san an yi barci ba. A nan wasu ke cewa maganin bai karɓe su ba, wasu su ce ciwon ne ya ci ƙarfinsu. Galibi ba ko ɗaya daga ciki. Abin da likitoci suka sa ran gani ne, kuma a lokacin da suka sa ran ganinsa.

Sai an san inda furostet take zaune kafin a gane dalili. Kafafen yaɗa labarai sun saba cewa "kansar mafitsara", amma ba mafitsarar ba ce. Furostet wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita, girmanta kamar ƙwayar goro, aikinta samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Gidanta a tsakiyar cunkoso yake. Mafitsara na zaune a kanta. Bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta kamar zare a cikin ƙwayar carbi. Ƙarshen hanji, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita, ya jingina da bayanta, tsakaninsu 'yan milimita ne kawai. Shi ya sa likita ke iya taɓo ta da yatsa ta dubura. Jijiyoyin da ke sa gaban namiji ya miƙe kuma sun bi ta gefunanta biyu. In gida huɗu suka haɗa katanga, ba a rushe ɗaya ƙura ba ta shiga sauran ba. Kusan duk wata matsala da gashi ke kawowa, ƙorafin ɗaya ne daga cikin waɗannan maƙwabta.

Shi gashin haske ne irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba ƙona nama yake yi ba. Rubutun da ke cikin ƙwayar halitta yake lalatawa, ta yadda in ta zo rabuwa biyu don ta hayayyafa sai ta mutu. Lafiyayyun ƙwayoyi kan ɗinke yawancin ɓarnar kafin gari ya waye, na daji kuwa ba su iya ɗinkin sosai ba. Wannan ne ya sa ake raba maganin kaɗan-kaɗan, Litinin zuwa Juma'a, don a ba lafiyayyen nama damar farfaɗowa tsakanin zama da zama. Amma fatar cikin hanji da ta mafitsara suna sabunta kansu da sauri, don haka su ma suna jin jiki, kuma abin taruwa yake yi kamar bashin kanti. Shi ya sa ba a jin komai da farko. Shi ya sa kuma, abin da ba a cika faɗa wa mutane ba, matsalar kan kai ƙololuwa a makon ƙarshe ko mako ɗaya zuwa biyu bayan an gama, lokacin da mutum ya riga ya koma gida, dangi suna ta zuwa barka. Daga nan take lafawa, kuma mafi yawan mutane sun samu sauƙi sosai cikin wata ɗaya zuwa uku.

Yawan zaman ya danganta da tsarin da aka zaɓa. Tsohon tsari zama 37 zuwa 39 ne, kusan mako takwas. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya kan maza sama da 3,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2016, ya nuna cewa zama 20 cikin mako huɗu, kowane zama da ɗan ƙarin ƙarfi, yana aiki daidai da wancan ba tare da illar da ke zuwa a makare ta ƙaru ba. Yanzu ma akwai mai zama biyar kacal ga waɗanda ciwonsu ya dace da shi, a inda ake da na'urar da za ta iya. Ga wanda ya baro garinsu ya kama ɗaki a Zariya, Sakkwato, Gombe, Abuja ko Yamai don a yi masa magani, bambancin mako takwas da mako huɗu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tambaya ce da ta cancanci a yi wa likita tun kafin a fara.

Akwai wani aiki da ke hannun maras lafiya da kansa, kuma a ganina shi ne aka fi rainawa alhali ya fi komai amfani. Ana so a shiga ɗakin gashi da cikakkiyar mafitsara da kuma hanjin da ba komai a ƙarshensa. Mafitsara in ta cika tana ɗagawa sama, ta janye yawancin jikinta daga inda hasken zai sauka, ta kuma ture ƙananan hanji gefe. Ƙarshen hanji kuwa in ya cika da bayan gida ko iska yana tura furostet gaba, ta gusa daga inda aka auna ta ranar da aka ɗauki hoton shiri, shi kuma ya shigo cikin hasken. Saboda haka za a ce ka yi bayan gida da safe, ka zubar da fitsari, ka sha wani adadin ruwa, ka jira rabin awa ko fiye. Kowace cibiya da nata awon. Abin da ake nema shi ne a yi iri ɗaya kullum. Wanda ya sha kofi biyu yau, gobe ya kurɓi rabi don gudun matsuwa a kan layi, kansa yake yi wa. Idan layi ya yi tsawo har fitsarin ya gagari riƙewa, a faɗa wa ma'aikatan ɗakin, sun saba. Idan kuma magani ya faɗo cikin watan Ramadan, wannan shan ruwan da rana yake zuwa. Maras lafiya yana da rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya, kuma ba a ɗage gashin daji don jiran Sallah sai da yardar likita.

Fitsari ne kan fara ƙorafi: yawan zuwa, matsuwar da ba ta jira, tashin dare, raɗaɗi, da raguwar ƙarfin fita domin furostet ɗin ta kumbura ta shaƙe bututun. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rage shan ruwa don a rage zuwa banɗaki. Fitsarin sai ya yi kauri, ya ƙara cizon fatar da dama ta yi tsami. A sha kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, a ƙara in ana zafi, sai fa in likitan zuciya ko na ƙoda ya taƙaita wa mutum. Dabarar ita ce a sha yawancinsa da rana, a sassauta daga magariba. Shayi mai kauri, kofi da lemun kwalba suna tsokanar mafitsara. Goro ma haka, domin sinadarin da ke hana barci a kofi yana cikinsa, kuma na san raba dattijo da goro ya fi raba shi da nama wuya. Ko rage shi aka yi na 'yan makonnin nan an samu riba. Ga mai fama da raunin fitar fitsari, likitoci kan rubuta tamsulosin, wanda ke sassauta tsokar wurin. Yana iya kawo jiri in an miƙe da sauri, shi ya sa da yawa ake ce musu su sha da dare.

Raɗaɗin fitsari a wurinmu sunansa ɗaya, "sanyi", kuma maganinsa na kowane kyamis. Amma raɗaɗin gashi ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zai taɓa shi ba, sai ma ya ƙara ɓata cikin da dama yana kan gaɓa. Gwajin fitsari ne ke raba gardama. In ya zo da zazzaɓi da rawar jiki, ko jini mai gudaji, ba a kwana da shi. Haka nan in fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura tana ciwo: wannan na gaggawa ne, asibiti mafi kusa za a nufa a sa robar fitsari, ko da tsakar dare ne.

Ga masu sallah akwai wani nauyin da ba ya cikin takardar likita, wato ɗigar fitsari da kokwanton alwala. Wasu har su daina zuwa jam'i. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan yoyon fitsari, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya lizimci mutum rabin lokacinsa ko fiye ba ya warware alwala. A tambayi malami, a yi amfani da ƙyalle ko famfas na manya, a kuma koyi matse tsokar da ake riƙe tusa da ita: a matse na 'yan daƙiƙu, a saki, sau goma, sau uku a yini. Sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa.

Maganar hanji ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne tsohon suna ke rufe sabuwar matsala. Lokacin gashi ana samun sakin ciki, yawan iska, majina a bayan gida, da wani irin jin cewa akwai saura alhali babu, mutum ya yi ta komawa yana yunƙuri. Wani lokaci da ɗan jini. Duk Bahaushen da ya ga wannan ya san abin da zai kira shi: basir. Daga nan sai jiƙe-jiƙe da sassaƙe, waɗanda da yawansu aikinsu wanke ciki ne. A zuba maganin wankin ciki a kan hanjin da fatarsa ta riga ta saɓule, ga mutum mai shekara saba'in, ga zafin rana: ƙarshenta ƙarin ruwa a gadon asibiti da rasa zaman gashi. Duk abin da ake sha, na gargajiya ne ko na Islamik kyamis, a nuna wa likita kwalbar. Ba raini ba ne ga maganin gida. Wurin ne yake da rauni a wannan lokacin.

Abinci na taimakawa, ko da yake ba a son mutum ya hana kansa komai tun kafin ciki ya yi magana. In ya soma saki, a ja baya daga yaji da barkono, da soye-soye masu maiƙo, da masu tara iska irin su wake, ƙosai, alale, kabeji da ɗanyar albasa. Nono da madara suna dagula wa wasu, wasu kuma lafiya lau. Tuwon shinkafa da miya marar yaji, farar shinkafa, kunu, koko, dankali, ayaba, dafaffen ƙwai, kifi da kaza sun fi kwanciya, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. In gudawa ta yi yawa a haɗa da ruwan gishiri da sukari, kuma likita na iya ba da loferamid, wanda aka fi sani da Imodium. Kada a saya da kai, domin in ciki ya ƙulle an koma wa matsalar cikakken hanji a ɗakin gashi. Tsarki da ruwa da muka saba ya fi goge-goge da takarda sauƙi ga wurin. A bar sabulu mai ƙamshi, kuma kada a cusa ko a shafa komai a dubura sai an tambaya.

Akwai kuma jinin da ke zuwa a makare, bayan wata shida, shekara ɗaya, har biyu ko fiye, lokacin da an manta da gashi. Wasu ƙananan jijiyoyin jini ne marasa ƙwari ke tsirowa a bangon hanjin da haske ya taɓa, suna fashewa in bayan gida ya goge su. Kaɗan ne daga cikin mutane ke samunsa, yawanci kuma ba ya da yawa, amma asfirin da magungunan tsinka jini suna ƙara shi. Yana da magani, daga na matsawa ta dubura har zuwa toshe jijiyoyin ta na'urar leƙa hanji. Sai dai dole a leƙa ɗin, domin mai shekarun nan yana iya samun dajin hanji wanda ba ruwansa da furostet, kuma a shaida wa mai leƙawar cewa an taɓa yin gashi a wurin. Irin wannan jinkirin na faruwa a hanyar fitsari ma: tabo kan iya ƙuntata bututun bayan shekaru, fitsari ya koma siriri.

Gajiya kuwa ba irin ta noma ba ce da kwanciya ke warkarwa. Abin mamaki, bincike ya yi ta nuna cewa motsi ya fi kwanciya rage ta. Tafiyar minti ashirin ko talatin bayan asuba ko da la'asar sakaliya ta wadatar. 'Ya'ya masu tausayi da ke cewa "Baba, ku kwanta kawai, kada ku motsa" suna ƙara masa nauyin jiki ne ba su sani ba. In kasalar ta yi tsanani a duba yawan jini.

Da yawa daga abin da ake ɗora wa gashi ba laifinsa ba ne, na allurar da ake haɗa shi da ita ne. Tun 1941 Charles Huggins na Jami'ar Shikago ya nuna cewa dajin furostet da sinadarin mazantaka, testostiron, yake rayuwa, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1966. Allurai irin su Zoladex, da ake yi a fatar ciki duk wata ko duk wata uku, suna rufe samar da wannan sinadari. Wasu ana yi musu na wata huɗu zuwa shida, masu ciwo mai haɗari kuma shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Su ne ke kawo zafin da ke taso wa mutum farat ɗaya da zufa sharkaf, da mutuwar sha'awa, teɓa, raguwar ƙwanji, kumburi ko tsamin nono, saurin fushi ko ƙwalla ba dalili, da raunin ƙashi in an daɗe. Suna iya ɗaga sukari, don haka mai ciwon sukari ko hawan jini ya ƙara sa ido a kan awonsa. Kaya marasa nauyi na auduga, mafici a kusa, da motsa jiki mai ɗan ɗaukar nauyi suna rage wahalar. Bayan an daina allurar jiki na dawowa a hankali, cikin watanni ko fiye da shekara, kuma ga wasu tsofaffi ba ya dawowa duka.

Sai maganar da ake shiga ɗakin likita da ita a fito da ita ba a faɗa ba, balle in ɗa ne ya raka uba yana tsaye a gefe. Bayan tiyatar cire furostet raunin mazakuta na zuwa nan take. Bayan gashi a hankali yake shigowa, cikin shekara ɗaya zuwa uku, yayin da ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi ke taurarewa. Wani bincike a Birtaniya da ya bi maza 1,643 ya ba da alƙaluman da suka fi kowace jita-jita amfani. Kafin magani, 67 cikin 100 suna da ƙarfin da ya isa saduwa. Bayan shekara shida, 27 cikin 100 ne a ɓangaren gashi, 17 a ɓangaren tiyata, 30 a ɓangaren waɗanda aka fara da sa musu ido kawai. A lura da wannan na ƙarshen: shekaru ma suna cin rabonsu. A wajen yoyon fitsari har sai an sa ƙyalle, 4 cikin 100 ne a gashi, 17 a tiyata, yayin da jini a bayan gida ya fi yawa a gashi. Bayan shekara 15 kuma, kimanin 97 cikin 100 ba dajin ne ya kashe su ba, ko wace hanya suka bi. Waɗannan dai mutane ne da aka gano nasu da wuri ta gwajin jini, ba kamar yawancin namu da ke zuwa sai ƙugu da baya sun soma ciwo ba.

Sildenafil, wato Viagra, da tadalafil suna taimaka wa da yawa bayan gashi, amma ba su dawo da sha'awar da allura ta kashe, kuma haɗa su da maganin ciwon ƙirji irin na sawa a ƙarƙashin harshe na iya faɗar da jini har ya kai ga halaka. Mai shan tamsulosin ma sai an daidaita masa. Nan ne haɗarin maganin ƙarfin maza na tasha da kasuwa yake, domin an sha gano waɗannan sinadarai a ɓoye cikin irinsu, ba awo ba lissafi. Maniyyi zai ragu sosai ko ya ƙafe, jin daɗin kuwa kan saura. Mai amarya ko mai sauran burin haihuwa ya yi maganar tun kafin zaman farko, saboda ajiye maniyyi kafin gashi ake yi, ba bayansa ba. Kuma ana so a kauce wa ɗaukar ciki lokacin magani da wani tsawon lokaci bayansa da likita zai faɗa. Ita kuma uwargida tana da haƙƙin a yi mata bayani. In ba a faɗa mata allura ce ba, za ta nemo wa kanta dalili, kuma dalilin da za ta samo, ko kishiya ko sammu, ya fi gaskiyar muni. Dajin ba ya bin saduwa.

Wanda aka yi wa gashi daga waje ba ya ɗauke da komai in ya fito ɗakin. Ya ɗauki jikansa, ya ci abinci kwano ɗaya da iyali, ba sai an ware masa buta ba. Wanda aka dasa wa ƙananan ƙwayoyi masu haske a cikin furostet ɗin ne ake ba ƙa'ida ta 'yan watannin farko, kamar kada ya daɗe da yaro a cinya ko ya daɗe manne da mai ciki.

Abin da ya fi duk waɗannan illoli haɗari shi ne yanke magani a tsakiya. Lissafin gashi na cikakken adadi ne. Wanda ya yi zama 14 cikin 20 ya tafi, ya kwashi yawancin wahalar ya bar yawancin amfanin. In ciki ko fitsari ne ya hana, a zo a faɗa, akwai abin yi. In na'ura ce ta tsaya, abin da ba baƙo ba ne a ƙasashenmu, likita ne zai lissafa yadda za a cike gurbin.

Bayan an gama sai zaman jiran sakamakon PSA, gwajin jinin da ake bibiyar ciwon da shi duk wata uku zuwa shida a farko. Wanda aka cire wa furostet, PSA ɗinsa kan faɗi kusan sifili cikin makonni. Na mai gashi ba haka ba, domin furostet ɗin tana nan: a hankali yake sauka, yana iya ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye kafin ya kai ƙasansa. A tsakani yakan ɗan yi tsalle ya koma da kansa, musamman ga waɗanda aka dasa wa ƙwayoyi, haka kuma yakan ɗan ɗaga in aka daina allura testostiron ya dawo. Ma'aunin da likitocin gashi ke amfani da shi wajen zargin dawowar ciwo shi ne lambar ta haura mafi ƙanƙantar da ta taɓa kaiwa da maki 2. Don haka a riƙa yin gwajin a ɗakin gwaji ɗaya in da hali, a kuma ajiye takardun bi da bi a jaka ɗaya tare da takardar da ke nuna yawan gashin da aka yi da ranar da aka gama, domin likitan da zai duba mutum bayan shekara biyar ba lallai ne ya zama wanda ya yi masa gashin ba.